Sunan Barewa a Kan Allon Titi

Zuwa ga 'yata Barewa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ta wajaba a kaina, ko da yake raina a ɓace yake. Ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta dawo da halinta. Antinki tana gaishe ki. Na je na duba Innarki, jininta ya hau, likita ya ƙara mata magani. Ba sai na gaya miki abin da ya hau da shi ba.

Na kira wayarki har na gaji, kullum a kashe. Shi ya sa na koma ga takarda, don ita ba a kashe ta.

Ke kina can cikin zauren da aka jefa ƙuri'ar, ba ki ga abin da muka gani a nan ba. Mun kafa manyan allunan kallo a gaban sakatariyar birni. An kwaso 'yan makaranta da 'yan tutoci a hannu, 'yan kasuwa sun rufe shaguna, mu kansiloli muna sahun gaba cikin riguna iri ɗaya. Shekara da shekaru muna gaya wa mutanen nan cewa gasar wasannin ƙasa da ƙasa tana zuwa garinsu. Da mai sanar da sakamako ya buɗe ambulan ya kira sunan wani birni, wallahi sai da na ji ƙarar janareta daga bayan gini, don tsit ɗin da aka yi. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ɗan nan, mun ci ne?"

Kafin mu kai gida, hotonki ya cika wayoyin mutane. Ba jawabin da aka rubuta miki ba, wanda kika karanta da kyau. A'a, ɗan guntun nan da wata mata daga cikin masu jefa ƙuri'ar ta tambaye ki inda kika koyi gudu, da inda yaran da ke bayanki suke yi yanzu. Ke kuma kika buɗe baki a gaban duniya kika ce filin da kika koya an rushe shi, yanzu rami ne cike da ruwa, yara a bakin titi suke gudu. Barewa, wa ya aike ki? An rushe filin ne don a gina wanda ya fi shi, kin sani. Me ya hana ki faɗi haka ki yi shiru?

Magajin gari yana saukowa daga jirgi ya gaya wa 'yan jarida cewa daga cikin gida aka soke mu. Bai kira suna ba, amma kowa ya juyo yana kallona. Shugaban 'yan adawa kuwa har ya buga hotonki a takardun manna, an rubuta a ƙasa wai ke ce muryar gaskiya. Mutanenmu suna cewa shi ya saye ki tun kafin ki hau jirgi.

Ki tuna ni na kai sunanki. Da ake neman wanda zai yi magana da yawun 'yan wasa, ni na miƙe na ce ga 'yarmu da ta ciwo mana lambar zinare har aka sa wa titi sunanta, tana karatu a ƙasar waje, ta iya harshensu. Aka ce na tabbata? Na bugi ƙirji na ce ni da uwarta kakanmu ɗaya, jinina ce. Yau a majalisa ko gaisuwata ba a amsawa da kyau.

Abin da nake so ki yi ba shi da wuya. Ki rubuto 'yan layuka ki ce tambayar ce ta zo miki ba shiri, ba ki fahimci harshen sosai ba, kina ba mutanen birni haƙuri. Ni zan kai wa magajin gari da hannuna.

Kuma ki ji ni da kyau: kada ki kuskura ki tako garin nan.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa, kuma don Allah ka daina hawan matakalar sakatariya da sauri kamar yaro. Ka gaishe da Anti. Maganar jinin Inna ta tayar mini da hankali, ka taimaka ka riƙa leƙa ta. Wayata na kashe ta ne don zagin da ke shigowa, har da na mutanen da na ci abinci a gidajensu.

Ka ce ban ga abin da kuka gani ba. Gaskiya ne. Kai ma ba ka ga abin da na gani ba, bari in ba ka.

Tawagarmu ta fi ta kowane birni yawa, har ma'aikatan otal suna tambayata ko mu ne muka zo shirya taron. A ciki akwai matan manya da surukansu da wani da aka ce mini shi ne mai riƙe wa wani jaka. Mai Usur, wanda ya horar da ni tun ina gudu ba takalmi, an ce babu kujerarsa a jirgi. Ranar gwaji kafin taron, rabinsu suna kantuna. Ranar taron kanta magajin gari ya makara, muka shiga zaure babu shi, ya biyo baya yana haki, ya fara jawabi da shafi na biyu. Fim ɗin da muka nuna kuwa, Kawu, akwai wurin iyo a ciki mai ruwa shuɗi kamar a sha. A ina yake a garinmu? Ina zaune ina kallon ƙasa.

Matar da ta yi mini tambayar tsohuwar 'yar gudu ce. Tana cikin masu duba shiri da suka zo garinmu a bara. Da ƙafarta ta tsaya a bakin ramin nan, ta ga ƙarafunan da suka yi tsatsa, ta ga awaki suna kiwo a inda za a sa kujerun manyan baƙi. Ta san amsar kafin ta tambaya. So take ta ji ko akwai mutum ɗaya a cikinmu da zai faɗi abin da idonta ya gani. Kana so in dube ta in ce me? Kuma a zagayen farko aka zubar da mu, ƙuri'unmu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Masu jefa ƙuri'ar nan sun karanta rahoton masu dubawa tun suna gidajensu. Ba maganata ta kayar da mu ba, mun faɗi tun kafin mu sayi tikiti.

Yanzu kana so in ce ban fahimci harshen ba. Ni da nake rubuta jarrabawa da shi? Wato in zama maƙaryaciya kuma jahila a takarda ɗaya, don magajin gari ya samu abin da zai ɗaga wa 'yan jarida. Ba zan rubuta ba.

Shi kuma mai buga hotona, ka gaya masa in ka gan shi, ban yafe ba. Ranar da kuka yanke a rushe filinmu ina cikin 'yan kallo a majalisa, ni da Mai Usur. Hannun shugaban adawar nan na gani a sama, har yana cewa filin ya tsufa ya zama abin kunya. Muka roƙa a bar mana gefe ɗaya har a gama sabon, babu wanda ya saurare mu, da naku da nasu. Yau shi ne mai son gaskiya? Ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa ni da shi ba, balle ciniki. Abin da ya fi ƙona ni shi ne kai ma ka rubuto wannan maganar ba ka ce ƙarya ce ba.

Layinka na ƙarshe na karanta shi har na haddace. Kada in tako garin. To, na ji. Ban san gari na masu riguna iri ɗaya ne kaɗai ba, amma tunda kai da kanka ka kore ni, ba zan yi musu ba. Dama an yi mini tayi a nan, ina ta jan ƙafa saboda Inna. Yanzu na amsa.

'Yarka, in har yanzu ni 'yarka ce.

*

Barewa,

Sallama da gaisuwa. Na daɗe ban amsa ba, ba don fushi kaɗai ba. Gwiwar ce ta kwantar da ni, sai da aka zuƙe mata ruwa, yanzu da sanda nake tafiya. Takardarki ma a sakatariya ta yi ta zama kafin a kawo mini, kuma na ga alamar an buɗe ta an liƙe. Nan gaba ki aiko ta gida.

Innarki tana gidana yanzu. Ga abin da ban gaya miki ba wancan karon, don kada ki kasa karatu. Washegarin ƙuri'ar wasu samari suka zo ƙofarta da duwatsu, suka fasa mata taga, suka shafa wa bangon baƙin mai. Allon titin da ke ɗauke da sunanki ma sun lanƙwasa shi. Abin da ya sa na ce kada ki zo ke nan. Ni in kore ki? Da me, a wane dalili? Tsoro nake kada a fasa miki kai a tasha. Kin yi karatu har ƙasar waje amma layi ɗaya na kawunki ya gagare ki.

Sai dai ke ma kin rama. Tun makon jiya ake yaɗawa cewa wata ƙasa ta saye ki, za ki sa rigarta ki yi mata gudu, wai ladan abin da kika yi mana ke nan. Na yi rantsuwa a gaban mutane cewa ƙarya ce. Sai ga takardarki tana cewa an yi miki tayi kin amsa. Na karanta, na ninke, na sa a aljihu, ban nuna wa Innarki ba. Haba Barewa. Ko mun yi miki laifi, tutar me ta yi miki?

Garin kuwa ba a cewa komai. An kafa kwamitin bincike, 'yan adawa suka ce ba su yarda da shi ba, suka kafa nasu. Kwamitin farko yana binciken wanda ya yi zagon ƙasa, na biyu yana binciken kwamitin farko. A zaman da ya wuce magajin gari ya ce masu jefa ƙuri'ar ba sa son ci gabanmu, dama can sun raina mu. Shugaban adawa ya ce ya sauka. Wani ya jefa robar ruwa, ta sami magatakarda, bawan Allah da bai ce uffan ba. Aka tashi ana riƙe riguna. Wani namu ma ya ce mu sake nema a zagaye na gaba, aka tafa masa.

'Yan adawa sun biyo Innarki har gidana da masu ɗaukar hoto, wai sun zo jaje. Tana wanki a tsakar gida. Shugabansu ya durƙusa yana cewa, "Uwa, ki gaya wa duniya abin da aka yi miki." Ta ce, "Matso kusa, ɗana, ba na ji sosai." Ya matso, ta juye masa ruwan sabulu a takalmi. Tun da abin nan ya faru ban yi dariya ba sai ranar.

Yanzu ga inda aka matse ni. Jam'iyya za ta kawo ƙudurin cire sunanki daga titin. Magajin gari ya kira ni ofis ya ce ni zan mara wa ƙudurin baya, don in bare ne ya yi za a ce siyasa ce, in ɗan'uwanki ne kuwa an rufe bakin kowa. Ya ce da haka zan wanke kaina. In na ƙi, kin san sauran. A wannan zaman kuma za a amince da yanka filin a yi shaguna tunda babu gasa, wannan kam babu gardama, shi kaɗai ne abin da mu da 'yan adawa muka yarda a kai.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Ki gaya mini gaskiyar tayin nan tukuna.

Kawunki.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ba da lafiya mai ɗorewa. Kada ka bar gwiwar a miƙe duk yini, ka riƙa lanƙwasa ta a hankali kana zaune a bakin gado. Na gode da ka ɗauke Inna, Allah ya saka. Da na karanta maganar tagar sai da na ajiye takardar na fita waje. Na yi maka mummunar fahimta, ka yi haƙuri da wannan.

Amma kai ma, Kawu! Tayin aikin koyo ne a wani asibiti, sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, abin da nake karantawa ke nan. Za su riƙe ni bayan na gama in na so. Ni da ƙafata ta hagu ba ta ƙara yarda da gasa ba tun da na ji ciwo, wace ƙasa ce za ta saye ni, ta yi me da ni? Ka rantse a kaina a gaban mutane, sannan ka karanta layi ɗaya ka yarda da su a zuciyarka. Ka nuna wa Inna takardar, ita ta san abin da nake nufi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni cin abinci. Ka cika shafi da labarin allon titi da robar ruwa, sannan a layi ɗaya, kamar kana ba ni labarin farashin tumatir, ka ce za a yanka filin a yi shaguna. Kawu, ka ji abin da ka rubuta kuwa? An karɓe mana fili da sunan za a ba mu wanda ya fi shi. Gasar ba ta zo ba, sai a mayar mana da abinmu ko da rami ne, mu cike shi da hannunmu. A'a, sai a raba. Ashe faɗan da kuke yi a majalisa na masu kallo ne. A kan wanda ya kayar da mu kuna jifan juna, a kan filin kuwa kanku ɗaya. Shi ya sa ake ta kaɗa sunana, don kowa ya kalli allo kada ya kalli ƙasa.

Mai Usur ya rubuto mini. Har yanzu a gefen babban titi yake tara su da sassafe, tsakanin tashar mota da gidan mai. Kwanan baya mai babur ya kwashe ɗaya daga cikin 'yan matansa, wadda ya ce ta fi ni sauri a shekarunta. Ƙashin cinya ne ya karye. Iyayen wasu sun janye 'ya'yansu, kuma ban ga laifinsu ba. Wane kwamiti ne cikin biyun yake binciken wannan?

Ka tambaye ni abin da za ka yi. Sunan nan ban roƙa ba. Ranar da aka sa shi ma magajin gari ya fi ni tsayawa a hoto. Su cire, su sa nasa, ko na mai riƙe jaka. Allo ne da fenti. Amma in ka ɗaga hannu aka sayar da filin nan, to wannan ne zai shiga tsakanina da kai, ba allo ba. Ka je ka gan shi da idonka kafin zaman. Na san rabonka da wurin tun ranar aza harsashi.

'Yarka Barewa.

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Gwiwa da sauƙi, ina yin abin da kika ce. Innarki lafiyarta ƙalau, jinin ya sauka, sai dai ba ta yi mini magana. A gidana take, tana cin abinci da Antinki, in na shigo ta juya fuska bango. Za ki ji dalili, in ma ba ki riga kin gani a waya ba.

Na je filin kamar yadda kika ce. Na bar mota a nesa na taka da sandata. Kwanon da aka kewaye wurin da shi duk an ɓalle an tafi da shi. Ruwan ramin ya yi kore, sauro kamar hayaƙi. Amma ta gabas, inda kuke fara gudu a da, ƙasar tana nan a shimfiɗe ba a taɓa ta ba, har ana ganin sauran farin layi a wani wuri. Na tarar da wasu mutane da igiyar awo suna kafa turaku. Na ce wa ya sa su, ai ba a zauna ba tukuna. Ɗaya ya ce, "Ranka ya daɗe, zaman ai na cika ƙa'ida ne." Ya nuna mini layin gaba, ya ce na manyan jam'iyya ne, na bayansa na 'yan adawa. Har ya nuna mini inda ake cewa nawa ne. Ban san ranar da jinina ya tafasa irin haka ba.

Na zauna na yi lissafin majalisa, don shi ne aikina. In na ƙi mara wa ƙudurin sunanki baya, wani zai yi, a cire sunan, a sayar da filin, a kore ni, kowa ya ce na yi jarumta, shi ke nan. Hannuna ɗaya ba ya hana komai. Abu ɗaya ne kawai nake da shi da suke so, shi ne bakina a kanki.

Sai na koma wurin magajin gari. Na ce zan yi, amma a cire ɓangaren gabas daga cikin abin da za a yanka, a bar wa 'yan gudu, kuma a rubuta shi cikin ƙuduri ɗaya da na allon, yadda ba za a amince da ɗaya a bar ɗaya ba. Ya ce, "Kansila, ciniki ka zo yi da ni?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai na ga kowa ma shago yake nema." Ya ɗauki biro yana juyawa. Na ce in bai yarda ba, ni ma ina da baki, kuma na ga turakun. Ya ce to, amma in tabbata na yi magana yadda za a ji.

Ranar zaman zauren ya cika har tagogi. Na miƙe. Ban ce kin yi ƙarya ba, wannan na ƙi. Na ce yarinya ce, an aike ta da saƙo ta faɗi nata, ta kunyata birnin da ya ɗaukaka ta, ni kawunta na yarda a sauke allon. Mutanenmu suka yi ta buga tebur. Shugaban adawa ya miƙe yana nuna ni da yatsa, wai ku dubi mutumin da ya sayar da jininsa saboda kujera. Shi da shagonsa yake layi na biyu! Da magatakarda ya karanto sashen gabas, sai na ga fuskoki sun canza a ɓangarorin biyu, don wasu a nan rabonsu yake. Amma masu ɗaukar hoto suna tsaye, wa zai miƙe ya ce bai yarda a bar wa yara wurin gudu ba? Aka ɗaga hannu, ya wuce.

Washegari suka sauke allon. Mai Usur na tsaye a wurin, ya ce su ba shi, suka jefa masa. Da ya gan ni bai gaishe ni ba. Na aika masa da kwafin ƙudurin, daga baya an ce mini an ga yaransa suna tsince duwatsu a gabas. Rabin filin ya tafi, Barewa. Ɗayan rabin a takarda yake, kuma kin san takardunmu.

A unguwa yanzu in na wuce ana yin shiru. Innarki magana ɗaya ta yi mini: "Da bakinka." Na so in yi mata bayani, ta tashi ta bar wurin. Kin ce allo ne da fenti, na riƙe wannan na shiga zauren. Amma da na ji muryata tana fita, ba allo nake saukewa ba. Ki gaya mini, daidai na yi ko kuwa?

Kawunki.

*

Kawu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Na ji daɗin gwiwa da jinin Inna.

Na gani tun kafin takardarka ta iso. Wata 'yar ajinmu ce ta miƙo mini wayarta a ɗakin cin abinci, ta ce wannan ba garinku ba ne? Na kalli kawuna yana cewa na kunyata birni, mutane suna buga tebur. Na ce mata ban san shi ba. Kwanakin da suka biyo baya ba na so in ba ka labarinsu.

Da takardar ta zo na karanta, fushin bai tafi ba, ya dai canza wuri. Na ce maka su cire allon, ban ce ka kira ni yarinyar da aka aika ba. Kuma wace irin majalisa ce wannan, da sai mutum ya zagi 'yarsa a bainar jama'a kafin a bar wa yara rabin abin da dama nasu ne? Har yanzu babu wanda ya sauka, babu wanda ya ce ya yi kuskure. Ni kaɗai ce na kayar da birni guda, an rubuta, an buga hatimi.

Ka tambaye ni ko daidai ka yi. Ban sani ba, Kawu. Da ni ce da ban iya ba, kuma da rabin ma ya tafi. Ba zan ce na gode ba tukuna, sai na ga yaran nan suna gudu a wurin. Na rubuta wa Inna dabam, na gaya mata yadda aka yi. Za ta sauko, amma ka ba ta lokaci, ka san halinta.

Na gaya wa asibitin zan yi aikin koyon, amma ba zan zauna ba bayan na gama. Hutun nan kuma ina zuwa. Ina so in duba ƙafar yarinyar nan da babur ya buge da hannuna, in kuma tsaya a gabas tare da Mai Usur kullum, don masu igiyar awo su san akwai mai kallo. In na ga turke ɗaya a wurin, zan sake magana, kuma wannan karon ba sai an tambaye ni ba.

Kai za ka zo tasha ka ɗauke ni, ba direba ba. A gaba zan zauna, kusa da kai, gilashi a sauke. Mu bi ta gaban sakatariya.

'Yarka,
Barewa.